Guntun Rimi a Wutsiyar Jirgina

Da sunan Mai iska, Mai ruwa, wanda ya shimfiɗa Tafkin Kanwa da faɗin da sai tsuntsu ya yi guzuri kafin ya ƙetare shi.

Ni ce Yalwa ta Tungar Farin Yashi, matar marigayi mai jirgi. A tafiyar da zan ba ku labarinta na rasa abu uku: kanwar da na tara shekara guda, da tukunyar tagulla da uwata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, da kirarina. Na samu abu ɗaya tak, wutsiyar jirgi da ɗan yatsa ke iya juyawa. Karatuna bai yi nisa ba, da ƙyar nake haɗa baƙi da baƙi. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, jirgin ma haka ya yi ta tafiya.

Kirarin da na rasa ga shi: "Yalwa ƙaya a tabarma, mai saye ya yi kuka, mai sayarwa ya yi kuka." Shekara ashirin ana yi mini shi a kasuwar gaɓa, ina jin daɗinsa har cikin ƙashi. Ba a taɓa jin na sayi abu a yadda aka fara yi masa suna ba. Dabarata ɗaya ce. In taya, a ce albarka, in juya baya in kama tafiya ina ƙirga taku a zuci. Ban taɓa kai taku bakwai ba a kira ni ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bar mini gona ba, bai bar mini shanu ba. Ya bar mini Sannu-Sannu, wani ƙaramin jirgi mai mayafi ɗaya, wanda ya girmi aurenmu. Mayafi shi ne ƙyallen da ke kama iska. Wutsiya kuwa katako ne a bayan jirgi, rabinsa cikin ruwa, da mariƙi a sama, da shi ake juya jirgi dama ko hagu. Katakon yana jikin wata sandar ƙarfe, sandar kuma tana juyawa cikin zobe. To tsakanin sandar da zoben akwai wani ɗan abu da ake sassaƙawa da ƙahon ɓauna, muna ce masa awarwaro. Ƙaho ba ya shan ruwa, kanwa ba ta cin sa. Komai girman jirgi, a kan wannan ɗan awarwaro yake juyawa.

Ina fita takaba na tarar namu ya cinye, wutsiya tana kaɗawa kamar haƙorin tsohuwa. Na tafi maƙerar Cindo. Shi kaɗai ne maƙerin jirage a Tunga, mai yatsa shida a hannun dama, abokin marigayi tun suna yawo ba wando.

"Sannu da wuta, Maƙeri. Awarwaro nake so."

"Matar abokina, ya ƙarin haƙuri? Akuya za ki ba ni."

"Akuya? Ƙahon na zinariya ne? Kaza."

"Albarka," in ji shi, ya juya ga wutarsa.

Ni ma na juya. Ɗaya, biyu, har bakwai. Shiru. Goma. Ashirin. Na shiga lungun masu kifi ba a kira ni ba, kuma mata biyu sun gani. Na rantse a raina ƙafata ba za ta koma maƙerar nan ba sai an kira ta.

Na tsinci guntun icen rimi a bakin gaɓa, kyauta. Na zauna a bayan ɗaki na sassaƙe shi da wuƙar yankan kuɓewa, na huda shi, na cusa cikin zoben da sassafe kafin masunta su fito. Ya zauna daram, wutsiya ta daina kaɗawa. Na ce wa kaina, Yalwa, yau kin ci akuya.

Ashe rimi mashayi ne. Ya sha ruwa ya kumbura, kanwa ta bi ta daskare a kansa. Mariƙin da nake turawa da hannu ɗaya ya koma sai da biyu, daga nan sai da ƙugu. Na gwada cire guntun, ya ƙi fita. Ranar wata kasuwa, gaɓa cike da jama'a, na taho da iska mai kyau a bayana, na tura mariƙi ya ƙi. Sannu-Sannu ya wuce maɗaurinsa, ya shiga rumfar da Sarkin Ruwa ke shanya kifi, ya kwashe ta gaba ɗaya. Na sauka da busasshen kifi a ɗankwalina. Dariya har da masu riƙe ciki.

Sarkin Ruwa ya kama mariƙin ya ji shi kamar an dasa. Ya ce, "Yalwa, wa ya taɓa wutsiyar nan?"

Cindo yana tsaye cikin taron, da awartaki a hannu.

"Maƙeri mana," na ce. "Wa ke taɓa wutsiya a garin nan in ba shi ba?"

A ƙasarmu akwai wata al'ada, shekarar shiru muke kiran ta. Macen da mijinta ya rasu akan ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, kuma ba a ƙaryata ta a gaban jama'a sai shekara ta zagayo, don an ce mai baƙin ciki ba ta da ƙarfin musu. Don tausayi aka yi ta. Na san da ita sarai lokacin da na buɗe baki. Cindo ya buɗe nasa, ya dubi zaren da ke hannuna, ya rufe.

Masu jirage suka daina kai masa aiki. Wa zai miƙa wutsiyarsa ga wanda ya cuci matar abokinsa? Suka riƙa tsallakawa wasu tungaye. Wutar maƙera ta mutu. Kafin damina ta sauka ya kwashi matarsa Hakama da zugazuginsa, ba wanda ya san inda suka nufa.

Ni kuwa ba ni da inda zan kai tawa wutsiyar. Duk maƙerin da ke kusa ya san ni, kuma duk wanda ya zare sandar nan zai ga rimi, ya ga aikin wuƙar kuɓewa. Saboda haka na loda kanwata buhu goma sha biyu, na ɗau tukunyata da busasshen kifi, na ce wa maƙwabta fatauci za ni. Abin da na fita nema shi ne ƙasar da ba a san sunana ba, a gyara mini a rufe.

Ruwa a gaba, ruwa a baya, rana a ka. Kwana tara ina tura mariƙi da ƙugu har ya yi mini kanta, sannan na hango Tsibirin Masu Mai. Itatuwan can ba 'ya'ya suke yi ba, hawaye suke yi, mai zalla, yana bin jikinsu yana taruwa a gindi. Mutanen wurin ba tafiya suke yi ba, zamiya suke yi. In biyu za su gaisa sai kowa ya rungumi bishiya tukuna. Na sami wani mai sayar da mai, ƙato mai sheƙi kamar tarwaɗa, na gaya masa ciwon jirgina.

"Ɗigo uku, uwar gida. Uku, kada ki ƙara. Kifi biyar za ki ba ni."

"Ɗigo uku kifi biyar? Ni da na ga mai yana kwarara a ƙasa awaki na lasa?"

Na taya, ya ce albarka, na juya. A taku na huɗu ya sulalo ya tare ni. Na bar tsibirin da gora cike a kan kifi uku, zuciyata fes, na ce ashe hannuna bai mutu ba. Da na koma jirgi na dubi gorar, na ce abin da ɗigo uku zai yi a kwana uku ai gora guda za ta yi shi yanzu. Na juye ta duka cikin zoben.

Ni da na yi shekaru ina dafa sabulu a tsakar gida, na manta abin da mai da kanwa ke haifa in sun haɗu. Kafin rana ta take tsaka kumfa ta fara fita ta bayan jirgi, fara sol, tana bin mu kamar garken tumaki. Abin da bai zama kumfa ba ya daskare cikin zoben. Wutsiya ta tsaya cak a ɗan karkace, ko giwa ba za ta motsa ta ba.

Daga ranar Sannu-Sannu ya daina zuwa inda nake so, sai inda hagu ta kai shi. Hagu kuwa ta kai mu Cibiya. Masunta na faɗin ta a hira, ni na gan ta da idona da rana tsaka. Rami ne a tsakiyar tafki, faɗinsa ya yi gari guda, ruwa na zagaya shi yana gangarawa ciki, kuma ta hagu yake zagayawa. A bakinsa na ga itatuwa da saiwoyinsu suna juyi, da wani babban jirgi ba kowa a ciki, ya daɗe yana zagaye har ciyawa ta tsiro a kansa.

Na tura mariƙi da baya, na tura da ƙafa, na kira sunan Allah, na kira na uwata. Ko gezau. Sai na tuna wata rana da tarun marigayi ya maƙale a gefen dama, jirgi ya yi ta juyawa dama shi kaɗai, marigayi na ta faɗa. Ashe abin da ya ja ruwa a gefe shi ke juya jirgi. Na ɗaure buhun kanwa da igiya na jefa ta dama. Hancin jirgi ya fara dawowa. Amma kanwa a ruwa baƙuwa ce, ba ta zama. Kafin in yi hamdala buhu ya zama tsumma. Na jefa na biyu. Na uku. Ina jefawa ina kuka, ina tuna ranakun da na yi a tsugune cikin rana ina haƙar kowanne. Na goma sha biyu ya narke muna dab da bakin ramin, har ina jin sanyin da ke fitowa daga cikinsa.

Saura tukunya. Na ɗaure ta a wuya, na ce, "Inna, ki yafe mini," na jefa. Ta cika da ruwa ta ja kamar jaki mai gardama. Sannu-Sannu ya yi ƙara, ya juya, mayafi ya cika, muka fita daga zagayen kamar an tofar da mu. Ina jawo igiya in ɗauko tukunyata sai na ji ta zo ba nauyi. Gefen jirgi ya cinye ta. Na zauna da guntun igiya a hannu. A nan ne na fara cewa a raina, akuya fa ɗaya ce. Amma ban faɗa a fili ba, ko da yake daga ni sai ruwa.

Iska na turawa, ina taimaka mata da filafili, har muka faɗa gaɓar Birnin Tambari. Kasuwar birnin nan ba a kan ƙasa take ba. Fatar wata dabba ce guda ɗaya ta zamanin da, aka shimfiɗa a kan kwari aka ɗaure tam, rumfa dubu a kanta. Ana tafiya a kai lafiya, ana ciniki lafiya. Amma duk wanda ya yi ƙarya yana tsaye a kanta, sai ta amsa. Ni ban san haka ba. Na dai lura dillalansu duk ramammu ne, ba su da fara'a.

Na sami layin maƙera, na zaɓi wani dattijo da wuta ta cinye rabin gemunsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kafin in sa hannu, baiwar Allah, wa ya taɓa ta a ƙarshe?"

"Wani maƙeri ne a garinmu."

Dum! Ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, tattabaru suka tashi. Duk kasuwa aka juyo ana kallona.

Dattijon ya ce a hankali, "Sake dai."

"To, ban san wanda ya taɓa ba."

Dum! Ƙwaryar wata mai nono ta kife. Wani ya ce, "Kai, baƙuwa ce, ku gaya mata mana!" Mai nonon ta ce, "A gaya mata me? Ita ta san abin da ta sani."

Dattijon ya ajiye gudumarsa. "Saura ɗaya. Wanda ya sa fatar nan ta amsa sau uku, ba a saya masa ba a sayar masa a birnin nan sai bayan shekara bakwai. Faɗi abin da ya faru kawai, 'yata. Mun ji waɗanda suka fi naki."

Magana ce gajera, kuma tana bakina. Na dubi idanun da ke kaina, ba wanda ya san ni, ba wanda zai kai labari Tunga. Duk da haka abin da ya fito shi ne, "Ni dai ba laifina ba ne."

Ƙarar da ta yi, sai da ƙwai ya fashe a kwandunan masu ƙwai tun daga wannan ƙofa har waccan. Ban san yadda na sauka ba. Na dai tsinci kaina a gaɓa, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

Wata tsohuwa na zaune a yashi tana ɗinkin taru. Ta dube ni ta ce, "Zauna, 'yar nan. Nan yashi ne, ba ya tona asiri. Ke ce mai ukun?"

Na zauna a gefenta.

"Ni sau biyu na yi, ina amarya, a kan gishirin miya. Har yau ba na hawa." Ta cije zare ta tsinke. "Akwai wani mai sassaƙa ƙaho a Bakin Zuma, inda kogi mai daɗi ke shiga tafki. Baƙo ne, da damina ya zo. Yatsa shida gare shi a hannun dama. Tafiyar kwana uku ce, ki riƙa bin hagu."

"Iya, babu wani?"

"Babu. Jirgin naki ma ai na ga hagu yake so."

Yini guda na yi a zaune cikin jirgi ban kwance igiya ba. Gida yana dama, wutsiya ba ta zuwa dama, tukunya ta tafi. Da akwai hanyar da zan mutu ba a ce wutsiya ce ta kashe Yalwa ba, da na duba ta. Na kwance igiya.

Bakin Zuma ƙauye ne mai bukka bakwai. Ruwan kogin garai-garai, ana ganin kifi na kiwo a ƙasa kamar awaki. Mace ɗaya ce a gaɓa tana wanki, kuma tun daga nesa na gane tsayuwar. Hakama ce, matar Cindo, gajera, mai baki kamar aska. Sannu-Sannu ya shigo a karkace ya daki gaɓa da gefe, sauran kumfa na bin sa.

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Ikon Allah. Wata guda muna wanki da kumfar da ba mu san mai ita ba. Ashe Yaya Yalwa ce ta yi kyauta sau ɗaya a duniya."

"Sannu, Hakama. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, a bukkar kara. Ya gidanmu na Tunga? An ce jemagu na jin daɗinsa." Ta ɗaga murya. "Malam! Fito, ga aikinka ya biyo ka!"

Cindo ya fito, ya rame, gemu ya yi fari. Ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya yi mini barka da hanya, ya tambayi lafiyar Sarkin Ruwa. Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa. Ya zagaya bayan jirgi, ya kama mariƙi, ya sunkuya ya shinshina zoben.

"Mai aka zuba?"

"Ɗigo uku aka ce in zuba."

"Gora nawa ke nan?" in ji Hakama.

Ya sa aka ja jirgin cikin kogi, aka ɗaure shi inda ruwa ke gudu. "Kwana uku," ya ce. "Ruwan daɗi ne maganin kanwa, ba mai ba. Ƙarfi kuma karya ta zai yi." Kwana ukun nan a bukkar Hakama na yi su, ina cin tuwonta. Ba ta hana ni ba, ba ta rage mini miya ba. Kullum dai in ta ajiye kwano sai ta ce, "Ci, Yaya, wannan ba a tayawa."

Rana ta huɗu da hantsi aka jawo bayan jirgin kan gungume. Mutanen bukkokin nan bakwai duk suka fito kallo. Cindo ya zuba ruwan zafi a zoben, ya kara guntun katako a gindin sandar don kada ƙarfe ya lanƙwashe, ya riƙa bugawa daga ƙasa da taɓarya, a hankali. Bugu ɗaya, ya motsa mariƙi. Bugu ɗaya, ya motsa. Haka har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Sai sandar ta yi wani nishi ta zame sama. Ya zura ɗan yatsansa na shida cikin zoben ya ƙwaƙulo abin.

Ya faɗo a yashi, baƙi, kumburarre, da sabulu a jikinsa. Duk da haka ana ganin sawun wuƙa a karkace, irin na mai yankan kuɓewa.

Wani masunci ya ɗauka ya matsa, ruwa ya tsiyaye. "Rimi? Wane mahaukaci ne ya sa rimi a wutsiya?"

"Miƙo mini yashi," in ji Cindo, kamar bai ji ba.

Zai sake rufa mini asiri ke nan, a ƙasar da ni na koro shi zuwa cikinta. Nan ba fata, ba tambari, yashi ne. Sai na ji muryata ta ce, "Ni ce."

Ba abin da ya yi ƙara. Masuncin ya ajiye guntun a hankali ya goge hannu a wando.

Cindo ya goge sandar da yashi da tsumma har ta yi fari, ya kankare zoben, ya ɗauraye. Sannan ya sa hannu a wuyan rigarsa ya ciro wani abu rataye a zare. Awarwaro ne na ƙahon ɓauna, baƙi, mai sheƙi. Ya cire zaren, ya zura shi cikin zoben, ya shige kamar a nan aka haife shi.

Na ce, "Yaushe ka auna?"

"Tun Anaruwa na kwance." Sunan marigayi ke nan. Shi ya faɗa, ni rubutawa kawai na yi. "Shi ya gaya mini na jirgin ya kusa cinyewa. Ya ce kada in ba ki kyauta, ba za ki karɓa ba. In ce akuya, ki ce kaza, in ce albarka sau ɗaya don ki ji daɗi, sannan in sallama."

"To me ya hana ka kira ni? Taku ashirin na yi!"

"Ƙarfe ne a wuta, matar abokina. In ya yi ja ba ya jiran ciniki. Kafin in tsoma shi a ruwa kin sha kwana. Na ce gobe za ki dawo."

Aka mai da sandar. Ya ce in taɓa. Na sa ɗan yatsa na tura mariƙin, ya tafi dama kamar ƙyauren da iska ta buɗe, na taɓo shi ya dawo hagu. Ban san lokacin da na zauna a yashi na rufe fuska da ɗankwali ba.

"Kada ki ƙara sa masa mai," in ji shi a kaina. "Duk kwana bakwai ki zuba masa ruwan daɗi ƙwarya ɗaya. Shi ke nan."

Da na buɗe fuska na ce, "Maƙeri, faɗi ladanka. Ba kanwa, ba tukunya, amma akwai akuya biyu a gida. Ko rabin jirgin."

"Bar shi kawai, matar…"

"A'a, Malam, koma maƙera," in ji Hakama. "Kai ka yi aikinka. Cinikin nan nawa ne." Ta ɗauki guntun rimin, ta zura masa zaren da aka cire daga awarwaron, ta zauna a gabana ta tanƙwashe ƙafa kamar mai sayar da daddawa.

"Ba ma son akuya. Shekarar shiru ta cika tun watan jiya, na ƙirga ta kwana-kwana. Za ki mai da mu Tunga a jirgin nan. Ranar kasuwa ki rataya wannan a wuya, ki hau turmi a gaban rumfar Sarkin Ruwa, ki faɗi abin da kika faɗa ɗazu, da ƙarfi, yadda mai kifi na ƙarshen layi zai ji. Kasuwa ɗaya."

Kamata ya yi in ce na saya. Na sani. Amma shekara ashirin ba ta fita daga harshe a yini ɗaya.

"Haba, Hakama. In same shi a zaurensa dai, shi da dattawa. Ai magana ta isa inda za ta."

"Kasuwa biyu."

"Biyu? Ana ragewa ke kina ƙarawa? To a bar turmin, a bar abin wuyan nan…"

"Uku."

Na miƙe. Wallahi na miƙe, na juya baya, ƙafata ta kama tafiya da kanta. Ɗaya, biyu, uku. A bayana ba motsi sai kukan kogi. Huɗu, biyar. A gabana ga Sannu-Sannu an mai da shi ruwa, wutsiyarsa na lilo ita kaɗai, dama, hagu. Ina iya hawa in tafi. Ba mai tare ni, Cindo ma da kansa zai tura mini jirgin. Shida. Na san ba za a kira ni ba. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe.

Ban taka na bakwai ba. Na juyo ba tare da an kira ni ba, na dawo taku shida, na durƙusa na miƙa wuya.

"Kafin ta zama huɗu," na ce. "Na saya."

"Na sallama," in ji Hakama, ta ɗaure zaren ƙulli biyu.

Kwana goma sha ɗaya muka yi zuwa Tunga, Cindo a gaba rungume da zugazuginsa, Hakama a tsakiya tana gaya mini inda zan bi, ni a baya da yatsa ɗaya a kan mariƙi. Abin da ya faru a kan turmin, waɗanda suka ci kasuwa sun gani, ba sai na rubuta ba. Wutar maƙera ta tashi. Kirarin ba a ƙara yi mini shi ba. In na wuce sai dai a ce, "Sannu, Ta-Rimi." Ina amsawa.

Masu tambaya nawa aka gyara mini wutsiyar, ga amsa, kada a ƙara tare ni a hanya. Kaza ɗaya ce kuɗinta tun farko. Ni na saye ta a kan kasuwa uku, a tsaye kan turmi, da guntun rimi a wuya, da bakina.